Mai Tufka ta Hagu

Kullum da sassafe, kafin masunta su tura kwalekwale, Baba Kuwabara yake saukowa bakin tafki da tsintsiya. Ya rusuna wa jar ƙofar bauta da ke tsaye cikin ruwa, ya share matakala, sannan ya ɗaga kai ya duba igiyar da ke rataye a samanta. Shekara arba'in da ɗaya ke nan, duk ƙarshen shekara shi yake tufka sabuwa da karan shinkafa. Wannan ne rubutuna na farko, in na yi tuntuɓe a yafe mini.

Bana hannunsa ya fara rawa. A taron gari wani ya ce a sayo ta roba daga birni, ba ta ruɓewa.

"Abin da ba ya ruɓewa ai ba a sabunta shi," in ji Baba. "To wa zai ƙara tunawa da ƙofar?"

Sai Tomie mai busasshen kifi, wadda ta haura sittin, ta ce za ta karɓi aikin tufkar. Kwana uku tana tufka, shi yana kwance da mura. Da ya taso ya ga aikin, sai ya juyo gare ta.

"Tomie, saniya za ki ɗaure?"

"Wace saniya kuma, tsoho? Dubi kyanta!"

"Kyau kam akwai. Amma ta dama kika murza, igiyar aiki ke nan. Ta ƙofar bauta ta hagu ake murzawa."

"Wa zai gane daga can ƙasa?"

"Ke."

Saura kwana biyu a rataya. Waɗanda suka leƙa rumfar da ake tufkar sun ce bai ɗaga mata murya ba. Tare suka warware, ya ɗora tafinsa mai rawa a kan nata, yana juya shi hagu, har hannunta ya daina yi mata gardama. Ranar ratayawa Tomie ce ta shiga kwalekwale da igiyar. Shi ya tsaya a gaɓa, hularsa a hannu.

Baba, kai ne ka yarda a gaje ka tun kana raye, ba ka tafi da abin da ka sani ba. Ba a rubuta sunanka a ko'ina a wurin bautar nan. Mun gode, dattijo mai haƙuri.

Mu kuma, duk wanda ya iya wani abu, ya nemi wanda zai zaunar a gefensa tun hannunsa yana riƙe kara.