Ranar Da Baba Mai Kala Ya Ajiye Wuƙar Haɗi

Kullum da hantsi Baba Mai Kala yakan jawo bencinsa bakin ƙofar shago, ya jera gwangwani huɗu: ja, rawaya, shuɗi da fari. Ba ya haɗa fenti a hasken ƙwan lantarki. Cewa yake ƙwai maƙaryaci ne. Shekara talatin da huɗu masu zane suna kawo masa ƙyalle ko ganye ko tsohon hoto su ce irin wannan launin suke so. Ya haɗa, ya shafa a kwali, ya hana su tafiya sai ya bushe, domin ɗanyen fenti da busasshe ba kamarsu ɗaya ba. Makon jiya ya bar aikin, ba tare da kowa ya kore shi ba.

Ni ban yi makarantar zane ba, kuma ba na yabon mutum don kawai ya yi furfura. Abin da na gani zan faɗa.

Wata mai zane ta taɓa zuwa da hoton marigayiya mahaifiyarta da ta zana, idonta ya kawo ruwa, don fuskar hoton ta fito kamar toka.

"Me kika zuba, 'yata?"

"Baƙi da fari, Baba."

"To ai murhu kika zana. Mutum da jini a jikinsa."

Ya ɗebi ja, ya sa rawaya, ya ɗiga shuɗi kamar marowaci a kan tukunya. Da ta shafa a kumatun hoton sai ta ce, "Ita ce."

Haka ya koyar da rabin masu zanen da na sani. Rawaya da shuɗi su ba ka kore. In ja ya cika ihu, kada ka danne shi da baƙi, ɗiga masa kore ya yi ladabi. Ka haɗa komai da garaje, ka kwashi taɓo.

Bana yanar ido ta fara rufe masa gani. Komai ya koma masa rawaya-rawaya, shi kuwa yana ta ƙara shuɗi. Masu zane suka rufa masa asiri: su karɓa, su yi godiya, su je gida su gyara. 'Yarsa ce ta kasa haƙuri.

"Baba, koren nan ya zama shuɗi."

"Tun yaushe?"

"Wata huɗu ke nan."

Ya aika aka kira manyan masu zanen. Ya ce, "Wata huɗu kuna lallaɓa ni kamar jinjiri? Na koya muku haɗa kala, ban koya muku haɗa baki ba." Ya goge wuƙar haɗinsa tsaf, ya miƙa wa 'yar. "Ke da kika iya gaya min gaskiya, riƙe."

Na gani, kuma na ji zafin abin.

Baba, kai ne gwanin da bai jira an ɗaga shi daga benci ba. Mun gode da shekarunka, mun fi gode wa wannan rana. Allah ya buɗe idon, ya sa likita ya dace.

Ku kuma da kuka san aikinku ya fara karkacewa kuna jin daɗin godiyar masu jin kunyarku, ku nemi mai gaya muku gaskiya a cikin gidanku. In ya faɗa, ku tambaye shi tun yaushe.