Ba a Bar Miki Ƙofar Cewa A'a Ba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin ranar Laraba, tara ga watan Maris, 'yarki ta kira ni ta ce kin cika, Malama. Ina ofishinmu a lokacin, takardun jarrabawar ɗalibanki na nan jibge a kan teburinki.

Ke kika koyar da ni darasin ladabin magana tun ina ɗaliba, kafin na zama abokiyar aikinki. Kullum kina cewa ladabi na gaskiya shi ne ka roƙi mutum ka bar masa ƙofar cewa a'a, domin 'yancinsa ke nan. Haka kuma kika rayu. Ko mai share mana ofis za ki aika, sai kin ce, "Baba, in kana da uzuri ka bari, wallahi ba komai." Ran da kika aike shi ɗebo ruwa ya ce miki ƙafarsa na ciwo, sannu kika yi masa, kika ɗauki butarki kika ɗebo ruwan da kanki.

Ke kuwa ba a bar miki wannan ƙofa ba. Likita ya ce ki kwanta ki huta, kowa a sashenmu ya sani. Amma shugaban sashe yakan leƙo da murmushinsa, ya ɗan russuna, ya ce, "Yaya, in ba takura, ko za a taimaka mana da ajin nan? Ba dole fa." Ba dole, alhali ya riga ya shaida wa ɗalibai kina tafe! Ya san ba ki iya kunyata wanda ya russuna miki, da wannan ya ɗaure ki. Da idona na ga kina dafa bango kina hawa bene zuwa aji.

Jiya shugaban sashen ya zo gaisuwa gidanki, ya yabi haƙurinki har da share hawaye. Da na fito ina neman takalmina sai ya biyo ni, ya sassauta murya, ya ce, "Ƙanwata, in ba takura, ko za ki riƙe ajin marigayiya? Ba dole fa." Na ce, "A'a." Ya tsaya yana jiran uzuri, ban ba shi ba.

Ina miƙa ta'aziyyata ga maigidanki da 'yarki, Allah ya ba su juriyar wannan rashi. Allah ya jiƙan ki, Malama, ya yafe kurakuranki, ya haskaka kabarinki, ya ba ki hutun da aka hana ki a nan.