Naman Jegon da Iya Ta Ba Ni Ajiya

Shekarar da na sayi firiza na gano ina da ƙawaye fiye da yadda nake zato. A layinmu a Gagarawa ni kaɗai ce mai ita, don haka matan da a da sai a gidan biki muke gaisawa suka koma leƙo ni safe da yamma, wannan da robar zoɓo, waccan da ragowar miya. Ban cika ƙorafi ba. Gaskiya ma ina jin daɗin abin, duk da nakan ɗaure fuska in ce gidana ba shago ba ne.

Wutar garinmu ba abar dogaro ba ce, amma mun san halinta. Takan zo ta ɗan zauna ta tafi, wani lokaci ta kwana ba ta leƙo ba, sannan ta dawo kamar ba ta yi laifi ba. In dai ba a yawan ɗaga murfin firizar, ƙanƙarar ciki takan riƙe har ta dawo. Da wannan sabon muka shiga Babbar Sallar da ta faɗo a farkon damina.

A gidan iyayena, washegarin layya ranar suya ce. A yanyanka nama, a narka kitse, a soya shi har ya bushe ƙarau, a zuba a kwalla, ya kai wata da watanni. Aiki ne mai cin itace da cin baya. To a wannan shekarar matan layinmu suka ga hanyar hutu. Kowacce ta soya ɗan abin da yara za su ci, sauran ta ƙulle a baƙar leda ta kawo mini. Da yake ledojin duk iri ɗaya ne, sai kowacce ta yagi ƙyallen tsohon zaninta ta ɗaure bakin tata. Nawa naman na fara jerawa a ƙasa, na matan da mazansu suka yanka manyan raguna ya biyo baya, har firizar ta kusa cika.

Ta ƙarshe da ta zo ita ce Iya, wata dattijuwa da ke bayan gidanmu, mai sayar da daddawa da kuka. Mijinta ya daɗe da rasuwa, kuma ba a yanka a gidanta. Namanta na rabo ne, wanda maƙwabta ke aikawa: tsoka biyu daga nan, ƙashi da ɗan tumbi daga can. Shi ya sa ta makara, sai da ta jira kowa ya gama rabonsa. Ta miƙo mini ledar da hannu biyu.

"Malama, ga amana. Na jego ne."

Autarta tana aure a wani ƙauye ta wajen Sule Tankarkar, tana ɗauke da cikin fari, kuma watan haihuwa ya kama. Iya za ta je ta ɗauko ta, ta haihu a gabanta kamar yadda aka saba. Mijin yarinyar ƙaramin manomi ne, ga shuka ta cinye abin hannunsa. Iya ba ta son 'yarta ta yi jego da kunun kanwa zalla. So take kullum a ciro ɗan nama a yi mata romo mai yaji. Na ce mata ta kwantar da hankalinta. Na ɗora ledarta a can sama, inda ya rage wuri, na danna murfin ya rufu da kyar.

Ta tafi da safe a kan babur. A ranar, da la'asar, gabas ta haɗe baƙi ƙirin. Mun ga hadari iri-iri, amma wannan iska ce ta zo kafin ruwa, kuma ba ta zo da wasa ba. Ina kallo ta taga kwanon rumfar maƙwabcinmu ya tashi ya wuce ta saman katanga. Bishiyar dogon yaron da ke ƙofar masallaci ta tsage biyu. Fankar ɗakina ta yi juyi biyu a hankali ta tsaya. Sai ruwa ya sauko ya yi ta zuba har magariba.

Da gari ya waye kowa ya fita duba gonarsa da rufinsa. Maganar wuta ba wanda ya ɗaga, domin ɗaukewar wuta a wajenmu ba labari ba ne. Sai da direbobin tasha suka fara shigowa muka ji cewa falwayoyin wuta sun zube a kan hanyar Gumel, wayoyi na kwance cikin gonakin mutane. Ko da jin haka, maganar da ke yawo ita ce gobe za a gyara. Wani ya ce ya ga motar masu gyara da idonsa. Wani ya ce ƙanin matarsa ne ke aiki da su. Kullum gobe.

Na kafa doka cewa ba mai taɓa firizar nan. Na lulluɓe ta da barguna da tsofaffin buhuna. Mata suka yi ta zuwa, kowacce tana son a buɗe ta ga tata ledar, ina korarsu, don kowane buɗewa sanyi ne ke fita. Wata ta ce wai tun da na yi firiza nake jin kaina. Na ce mata in ta matsu ta je ta sayi tata. Mun daɗe ba mu yi magana ba bayan wannan. Maigidana ya je har Gumel neman ƙanƙara ya dawo hannu wofi, can ma duhu ne, kuma ɗan injin da muke da shi fitila da fanka kawai yake iya ɗauka.

Tunanin ledar Iya ya fi damuna. Sauran matan suna nan, kowacce za ta iya cewa a ba ta nata ta soya. Ita ba ta nan, wayar surukinta kuma a kashe, don caji ya gagari kowa. Na ce wa maigidana ko in ciro nata in soya mata. Ya ce, "Ke dai kin san don romo ta ajiye. In kika soya, wuta ta dawo gobe, me za ki ce mata?" Magana ce mai ma'ana, kuma ni ma abin da nake faɗa wa kaina ke nan. Na bar shi.

Safiyar da na ga ruwa mai ja-ja yana ɗiga ta ƙasan firizar, ban jira shawarar kowa ba. Na aika aka kira matan layi, na yaye bargunan, na ɗaga murfin. Wari bai yi yawa ba, amma ya fito, kuma daga sama ya fito. Ledar Iya ta yi laushi, ta ɗumama. Da na kwance ƙyallen, naman ya canza launi, tumbin da ke ciki ya ja sauran. Ledoji biyu na ƙarƙashinta sun fara, amma za su ceto. Can ƙasa kuwa, inda nawa yake da na masu manyan raguna, har da sauran ƙanƙara.

Na tsaya riƙe da ledar, raina ya ɓaci ƙwarai, kuma ban san da wa zan yi faɗa ba. Ba wanda ya zaɓi ya cuce ta. Ta zo ƙarshe ne don sai da ta jira aka ba ta, wanda ya zo ƙarshe kuma shi ne a sama, na sama shi ke fara narkewa. Mu da za mu iya rasa cinya guda mu kwana lafiya, namu ne ya tsira. Na daɗe ina juya wannan a raina, har yau ban ga inda zan ajiye shi ba.

Ranar muka yi suyar da muka guje wa. Itace duk ya jiƙe, sai kara muka zaro daga ƙarƙashin rumbuna, hayaƙi ya cika tsakar gidana, idanu na ta hawaye. Na binne naman Iya a bayan gida. Sannan na ajiye kwalla a tsakiya na ce kowacce ta san abin da ya faru. Wasu suka zuba wa Iya soyayyen nama da yawa, wasu suka zuba suna duban gefe, wadda muka yi cacar baki da ita ta zuba ba ta kalle ni ba. Wata ta ce a gaya wa Iya nata ne muka soya, ba sai ta ji komai ba. Na ce matar da ta san daga gidan da kowane ƙashi ya fito ba za a yi mata wannan ba.

Iya ta dawo da 'yarta wuta ba ta dawo ba. Yarinyar ta yi nauyi, ƙafafunta sun kumbura, da kyar ta sauko daga motar da ta kawo su. Bayan sun huta Iya ta shigo gidana. Na shimfiɗa mata tabarma, muka gaisa, ta tambayi ɓarnar iska, na tambayi hanya. Sannan na faɗa mata komai yadda ya faru, na turo kwallar gabanta.

Ta buɗe ta duba. Ta daɗe tana dubawa.

"Wannan ai ya fi nawa," in ji ta. "Allah Ya saka muku da alheri. Soyayye ma yana romo in an daɗe ana dafa shi."

Na ji sanyi a raina, na ɗauka magana ta ƙare. Sai ta rufe kwallar, ta ɗan yi dariya, ta ce a hankali kamar da kanta take:

"Da na san haka zai ƙare, da na ɗanɗana ko tsoka ɗaya."

A nan na gane cewa duk Sallar nan Iya ba ta sa nama a bakinta ba. Duk abin da aka aiko mata, leda ta zuba. Kunya ta kama ni, don ban taɓa tambaya ba. Na tashi na shiga ɗaki, na ɗebo daga nawa a faranti, na ajiye a gabanta.

"Iya, wannan ba na jego ba ne. Naki ne, kuma a nan za ki ci, ina kallo."

"Malama, ke dai da rigima."

Ta yi bisimilla ta ɗauki ƙaramar tsoka. Haƙoranta sun ragu, don haka ta daɗe tana taunawa, idonta a ƙasa. Ta ce gishiri ya ji. Na matsa mata farantin, ta ɗauki ta biyu, babba, ta juya ta a hannu. Na kau da kai na yi kamar ina gyara murhu. Da na waiwayo, tana ƙulle ta a bakin mayafinta.