Ƙafafun Mai Gugar Abbasiya

Ƙafafunsa na fara gani. Daga tagar ɗakinmu a unguwar Abbasiya da ke Masar, rumfar shagon guga takan rufe shi daga ƙugu zuwa sama, sai ƙafafu biyu ba takalmi a kan siminti. Ni da na taso da littattafan soyayya na kasuwa, nan take na ƙaga masa fuska, na ɗauki tsayuwar nan ta mai jiran masoyiya ce.

Ranar da na kai gugar abayata, sai ya amsa mini da Hausa. Bahaushen Sudan ne, mai sanyin murya. Tun safe yake tsaye, ba ya tashi aiki sai bayan magariba.

Abokiyar zamana 'yar Sin ce, Musulma, tare muke karatu, kakanta kuma mai maganin gargajiya ne. Da na nuna mata shi ta taga, ba ta yi murmushi ba. Ta ce a likitancinsu doguwar tsayuwa ƙashi take ci, ƙashi kuwa daga ƙoda yake samun ƙarfi. Sanyin ƙasa ya shiga ta tafin ƙafa, ya hau gwiwa, ya tare a ƙugu. Ta ce in lura da jijiyoyin ƙwaurinsa da suka yi ruɗu-ruɗu. Idan bai riƙa zama ba, in ji ta, wata rana ƙafafun za su ƙi ɗaukarsa.

Muka samo masa doguwar kujera daidai teburin guga. Ya karɓa da hannu biyu, ya yi ta godiya. Washegari na tarar ya jera gogaggun kaya a kanta. Mai shagon, wani dattijo Bamisire, yana zaune kan ɗan bencinsa a bakin ƙofa.

"Ma'alish, yi haƙuri ƙanwata," mai gugar ya ce da ni a hankali. "Dattijo yana ƙasa, ni in ɗare sama da shi? A gidanmu ba a haka."

Na ce dattijon ba zai damu ba. Ya ce shi zai damu.

Da sanyi ya shigo, idon sawunsa ya kumbura. Ya fara dafa teburi kafin ya ɗaga dutsen guga. Abokiyata ta daina zuwa wajen tagar.

Shekaru bayan na dawo gida, wata da ta zauna a unguwar Hayyin Ashir ta can ta ba ni labarin mai gugar. Yana wajen yayarsa a unguwar, bai yi aure ba. Ranar Juma'a sai maza biyu sun riƙe shi ake kai shi masallaci.