Randar Maryamu a Damazin

Mun tashi da asuba daga ƙauyenmu Wad Haddad, ni da wani maƙwabcina, a bayan lorin dawa. Idona ne ya kai ni. Tun da na shiga ajin yaƙi da jahilci baƙaƙe ke yi mini hazo, aka ce a Damazin akwai wata 'yar mishan mai wanke ido kyauta.

Hanya duk laka ce. Sau biyu muka sauka muka tura lorin, ga shi an karɓi kuɗin motarmu cif. A garin Sinja muka ci kisra, wata irin wainar dawa marar kauri, da miyar da ta ga nama daga nesa.

Da la'asar muka isa Damazin, unguwar leburorin madatsar ruwa, bukkokin kara da kwano. Matar sunanta Maryamu, Bamagujiya ce daga ƙasar Kano, Hausarta ta fi ta 'ya'yana. Nan mijinta ya rasu, nan ta binne ɗiyarta, ba ta koma gida ba. Rabin yaran unguwar a hannunta aka haife su.

Muka iske ta kwance, zazzaɓi na kaɗa ta, randarta ba ko ɗigo. Mai jakin ruwa ya daina tsayawa ƙofarta, wai an ce masa tulun da ya taɓa randar kafira ya ƙazantu. Duk da haka ta rarrafo ta duba idona.

"Malam, yi haƙuri, ba ruwan da zan ba baƙo," in ji ta.

Ni mutum ne mai sanyi, amma ranar sai da na yi magana. Na tambayi wata maƙwabciyarta, "Baiwar Allah, wa ya karɓi haihuwar yaron nan na bayanki?"

"Ita ce. To, in na kai mata ruwa, me mutane za su ce?"

Na ɗauki garwa na nufi kogi. Abokin tafiyata ya ce, "Kai dai ka cika neman magana." Sai da na cika randar.

Washegari lori ya maido mu gida. Da addinina na tafi, da shi na dawo, kuma ban taɓa jin inda ya ce a bar mara lafiya da ƙishirwa ba. Abin da na koyo, mun iya karɓar alheri daga hannun da muke ƙyama. Randa ɗaya kwana uku take yi. Yau kwana na huɗu.