Birkin Hannun Mai Koriya

A bakin kakata na fara jin sunan Mai Koriya, tana mita: "Wannan ƙane nawa, mota ya aura!" Sai da na yi wayo na gane Koriya wata tsohuwar mota ce mai fitilu kamar idon kwaɗo, shi kuma makanike ne, shekara arba'in yana kwance ƙarƙashin motocin mutane.

Duk wanda zai ajiye mota ta daɗe, gargaɗinsa ɗaya ne: a tokare taya da dutse, kada a ja birkin hannu, don tsatsa kan manne birki da dirom, wato kwanon ƙarfen da taya ke zama a kai. Amma ranar da ya dawo daga asibiti babu matarsa a kujerar gefe, ya shigo gareji, ya ja birkin har ƙarshe, ya rufe ƙofa. Shekara goma sha bakwai bai sake taɓa ta ba.

Kwatsam mai filin garejin ya ce zai yi gini. Wai kowa ya kwashe nasa kafin ƙarshen wata, abin da ya rage na masu sayen ƙarfe ne. Aka taru aka tura Koriya, tayoyin baya ko gezau.

Mai walda, maƙwabcinsa, ya yi dariya har da riƙe ciki. "Malam gwani, ashe kai ma ka ja? Miƙo guduma, bugu uku ya isa."

"In ka fasa dirom ɗin ina za ka samo mini wani? A kabarin wanda ya ƙera?"

Ya ɗaga ta a jak, ya cire tayoyin. Kullum da safe ya ɗiga kananzir, ya ƙwanƙwasa gefen dirom da guntun katako, ya zura sukundireba ta wani ɗan rami a baya yana sassauta birkin kaɗan-kaɗan. Ido ya riga ya yi rauni, da yatsa yake lalube. Ni ke kai masa abinci, sai ya miƙo mini tocila.

"'Yar boko, haska nan. Ba can ba! Wai me ake koya muku ne?"

Dirom ɗin hagu ya fito a kwana na biyar. Na dama ya kafe sai da ya rage kwana biyu wa'adi ya cika, sannan ya saki da wata 'yar ƙara, tsatsa ta zubo masa a gemu. Ya goge, ya mayar, ya juya tayar da hannu. Ya daɗe a tsugune yana kallonta tana juyawa.

Injin dai bai tashi ba, igiya aka ɗaura za a ja ta gida. Ya shiga, ya kama sitiyari. Can ya leƙo ta taga, muryarsa ƙasa-ƙasa.

"Jikalle, ajiye kwanon nan ki zo ki zauna gaba. Ba na so ta fita babu kowa a kujerar nan."