Gurnanin Ordinatar Keita

Ko na tsufa haƙora sun zube, ba zan manta da abin da ordinatar nan, wato kwamfuta, ta ja mini ba.

Lokacin ina shara a biro, wato ofishin wani furoje, shirin dashen itace a Keita, da ɗiyata ta fari a goye. Yarinya ce mai kukan tsiya, kuma shef, shugaban biron, ya riga ya ja mini kunne: in ta ƙara hana mutane aiki, in zauna gida. Abin da ya rufa mini asiri shi ne wata ordinatar da ba a kashewa, don ta wayar tarho mutanen Yamai ke shiga cikinta su ɗebi takardu. Wuni take gurnani, gurrr-tak-tak, kamar tsohuwa kan dutsen niƙa. Da na shimfiɗe ɗiyar kusa da ita, sai barci.

Rannan mai gyara ya zo daga Tawa. Ya ce akwai ayyuka barkatai da ke gudana a cikinta ba wanda ke buƙata, suna sa ta nawa, kuma kowanne ƙofa ce ga ɓarawo. Ya bi su ɗaya-ɗaya ya kashe. Ordinatar ta yi tsit, ɗiyata ta wage baki.

Na ce, "Mushe mai gyara, don Allah bar mini guda, mai ƙarar nan."

Ya ce, "Madam, wanga ba shi da amfani ga kowa."

To, ya zan yi? Na koma ni ke gurnanin da bakina a bayan kabad. Ashe na iya fiye da kima. Shef ya ji, ya buga tarho Tawa yana faɗa, wai gyara bai yi ba. Bawan Allah ya sake shawo hanya bisa moto.

Ban san sun shigo ba, ina can ina lallashi. Mai gyara ya duba, ya kasa kunne, ya zare wayar wuta gaba ɗaya. Gurnani na nan! Shef ya fara ja da baya yana a'uzubillahi. Mai gyara ya leƙo bayan kabad, muka haɗa ido, bakina a murguɗe.

Ya ce, "Shef, wagga kam ban iya kashe ta."

Na sadaƙar an kore ni. Sai da shef ya gama share hawayen dariya ya ce, "Ci gaba da shararki, amma ki riƙa gurnanin a baranda."

Tun ranar na gane, kafin ka ce abu ba shi da amfani, duba ko akwai wanda ke kwance a inuwarsa.